Tawali'u Da Sanyin Baki: Darasi Daga Ɗan Wusasa

Ran 15 ga watan Janairu, 1970, Philip Effiong ya zo Barikin Dodan a Ikko ya miƙa wuyan Biyafara bayan yaƙin wata 30. Mutane da yawa sun zaci ranar ramuwa ce ta zo. Sai ga Janar Yakubu Gowon ya rungumi tsofaffin abokan aikinsa, ya kuma shaida wa ƙasa cewa babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci da yaƙi.

Wanda ya san inda Gowon ya taso ba zai yi mamaki ba. A Wusasa ta Zariya ya girma, unguwar da mishan ɗin CMS ya koma a 1929, kuma mahaifinsa mai wa'azin bishara ne. A irin waɗannan gidaje, tun yaro na ƙarami ake koya masa cewa girmankai ƙofar halaka ce.

Littafi Mai Tsarki ya nanata wannan. Karin Magana sura 15 ta nuna yadda lallausar amsa ke kashe wutar fushi, sura 16 kuma ta gargaɗi mai fahariya cewa faɗuwa na biye da shi. A Luka sura 18, Yesu Almasihu ya ba da misalin Bafarisiye da ya tsaya a Haikali yana lissafa wa Allah ayyukansa na kirki, da mai karɓar haraji da ya kasa ko ɗaga kai, yana roƙon jinƙai. Na biyun ne ya koma gida da yardar Allah. Yakubu sura 3 kuwa ta kwatanta harshe da ɗan tartsatsin da ke cinye daji. Bahaushe ma ya ce baki shi ke yanka wuya.

Babbar jarrabawa ta zo ran 29 ga watan Yuli, 1975, lokacin da aka hamɓarar da Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala. Bai zagi kowa ba, ya yi wa sabuwar gwamnati fatan alheri, ya tafi Jami'ar Warwick a Ingila ya zama ɗalibi. Da jaridu suka buga hotonsa riƙe da faranti a ɗakin cin abincin ɗalibai, wasu suka ce ya zubar da girman ƙasa. Sun manta durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sanyin baki bai dawo da waɗanda suka mutu ba, kuma har yau akwai masu ƙorafin ba a cika alkawuran sulhu duka ba. Amma ya toshe ƙofar ramuwar gayya.

Ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege, Idi-Araba ko Sabon Badun ya san kalma ɗaya a kasuwa na iya jawo wa unguwa guda masifa. In mai bindiga da mulki ya iya tausasa harshe, mai tireda da mai gadi ma za su iya.