Mota mai injin rotari tana zafi: ta ina makanike zai fara?

Ba kowane gareji ba ne a Maraɗi ko Damagaram ya taɓa buɗe injin rotari, amma ƴan uwa da ke zaune Turai da Amurka sun san shi sosai, kuma jefi-jefi akan ga irin motar cikin tsofaffin da ke shigowa daga bakin teku. Shi ne injin da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, kamfanin Mazda na Japan kuma ya sa shi a RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sannan a RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki.

Abin da ya sa zafi ya fi yi masa illa yana cikin ƙirarsa. An jera shi ne faifai-faifai, na alminiyom da na baƙin ƙarfe, an ɗaure su da dogayen kusoshi, tsakaninsu kuma akwai zoben roba da ke hana ruwa shiga inda wuta ke ci. Ƙarfen biyu ba su buɗewa daidai in sun yi zafi. Tafasa ɗaya tak tana iya lanƙwasa faifan ko ta ƙona robar, kuma ba a gyara wannan sai an sauke injin an warware shi baki ɗaya. Saboda haka in allura ta wuce inda ta saba, a tsaya a kashe, kada a ce bari in ƙarasa gida.

Tambayar farko ga mai mota ita ce: yaushe take zafin? In a tsaye ne ko cikin cunkoso, amma tana sanyi da an hau babban titi, to a duba fanka. Tsofaffin RX-7 injin ne ke juya fankarsu ta wani kuloci mai man ciki, in ya tsufa fankar na juyawa amma ba ta jan iska. Na baya-bayan nan da RX-8 fankar lantarki gare su, sai a duba fis da wayoyi. In kuwa a kan gudu ne take zafi, matsalar ta fi karkata ga lagireto da ya toshe, ko iska ba ta ratsa shi. Farantin roba da ke ƙarƙashin gaban motar ba ado ba ne, shi ke tura iska cikin lagireto, kuma shi ne abin da ramukan hanya ke fara cirewa. A nan wajenmu ga ƙurar hunturu tana cika haƙoran lagireto, ga ruwan rijiya da ake zubawa yana barin farar ƙasa da tsatsa a ciki, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40.

Sai injin ya huce sarai ake buɗe marfi. A duba yawan ruwa, robar marfin, tiyo, fambel, da ƙasan famfon ruwa ko akwai alamar ɗiga. A cire tarmosta a saka cikin ruwan zafi, ya kamata ta fara buɗewa wajen digiri 82. Al'adar nan ta cire ta a jefar wai don mota ta yi sanyi, a wannan injin ɓarna ce, domin ita ke rufe wata ƙaramar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya je lagireto ba. A duba baƙin mai kuma. Shi ke sanyaya cikin ƙarfen mai juyawa, yana da nasa ƙaramin lagireto, kuma injin da gangan yake ƙona kaɗan daga cikinsa, don haka yana raguwa ko babu yoyo.

In duk waɗannan lafiya lau suke, saura zoben roban. Alamunsa: ruwa na ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba, mota na wahalar tashi da safe, ta tashi tana rawa da farin hayaƙi mai ɗan zaƙi a salansa, fulogi ya jiƙe. A cika ruwa har wuya injin na sanyi, a tada shi marfi a buɗe. In ƙananan kumfa na ta fitowa ba tsayawa, hayaƙin injin ne ke shiga ruwa. Mai famfon gwaji sai ya sa wa hanyar ruwan iska ya bar ta ta kwana, da safe ya cire fulogi ya juya injin ya ga ko ruwa zai fito. In ya fito, sabon lagireto ba zai yi magani ba, kuma wanda ke shirin sayen motar gara ya lissafa kuɗin buɗe injin da na kawo kayan gyara daga waje kafin ya biya.