Danna Maɓallin "Na Amince": Yaushe Ne Yarda Ke Zama Yarda a Idon Doka?

A unguwar Kusugu da ke Daura, kamar sauran garuruwan Arewa, wayar hannu ta zama banki, ta zama kasuwa, ta kuma zama wurin ƙulla yarjejeniya. Tela mai neman jarin sayen yadi, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da kuɗin makaranta suka matse shi, mai sana'ar POS da kuɗinsa suka ƙare, kowannensu zai iya sauke manhajar bashi ya karɓi kuɗi cikin minti kaɗan. Kafin kuɗin su shigo, sai ya danna maɓallin amincewa da ke ƙasan dogon rubutun Turanci. Wannan dannawar ƙulla yarjejeniya ce, kuma tana iya kai mutum kotu.

Danna maɓalli tamkar sa hannu ne

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta amince da sa hannu ta na'ura da kuma bayanan kwamfuta a matsayin hujja. Tsohuwar ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila kuwa ita ce, wanda ya sa hannu a takarda ya ɗaure kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Wata mai shagon shayi a Birtaniya ta sayi injin sayar da sigari, injin ya ƙi aiki, amma a 1934 ta faɗi a kotu saboda wani sharaɗi da aka rubuta da ƙananan haruffa a takardar da ta sa wa hannu. Don haka "ban karanta ba" kaɗai ba ya fitar da mutum.

Sai dai doka ba ta tsaya nan ba. Tana duba yadda aka samo yardar.

Abubuwan da ke ɓata yarda

Na farko shi ne yaudara. A ɗauka manhaja ta yi tallar bashin naira 20,000 na wata uku, amma da aka danna sai 16,000 ta shigo asusu, kuma aka ce a biya cikin kwana bakwai. Mutumin ya amince ne da abin da aka nuna masa, ba abin da aka ba shi ba, kuma yana da hujjar neman a warware yarjejeniyar.

Na biyu kuskure ne a kan ainihin abin da ake ƙullawa, kamar wanda aka miƙa wa waya aka ce ya danna don a yi masa rajistar tallafi, ashe bashi ake ci da sunansa da lambar BVN ɗinsa. Akwai kuma dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubuta takarda a madadinsu ya karanta musu, ya yi bayani, ya kuma rubuta sunansa da adireshinsa.

Na uku tilastawa ce. Na huɗu shi ne amfani da girma ko amana, kamar maigida ya sa yaron shagonsa ya ci bashi da wayarsa, yaron ya kasa musu don kunya. Na biyar rashin cancanta: yaro ƙarami ko wanda hankalinsa ya gushe. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ke bi shi ma ya sanya yardar ɓangarori biyu sharaɗin ciniki, ya kuma hana tilasci da algus.

Matsi daban, tilas daban

Kowa a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, inda maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mutanen gari sun bi wannan ƙa'ida shekara da shekaru, amma ba wanda zai ce sun yarda da ita; ba su da wata rijiyar ne. Haka mai neman bashin gaggawa yake ji.

Amma a kotu, talauci ko matsuwa kaɗai ba a cika ɗaukarsu tilastawa ba. Sai an nuna cewa ɗaya ɓangaren ya yi barazanar da ba ta halatta ba. Misali, kamfani ya ce zai tura wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cewa ɓarawo ne, idan bai amince da sabon sharaɗin biya mai ƙarin ruwa ba. Yardar da aka samu ta wannan hanya ba yarda ba ce.

Inda hukumomi suka shigo

A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A Maris 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashi a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Kamfanin Google shi ma, daga ƙarshen Mayun 2023, ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobi da hotunan waya. Tun kafin nan ya hana bashin da ake neman a biya gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara fayyace lamarin: shiru ba yarda ba ne, kamfani ne zai kawo hujjar cewa an yarda, kuma mutum na da ikon janye yardarsa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, domin a Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Abin da ya rage wa mai waya da mai gina manhaja

Tun daga Android 6, manhaja ba ta iya karanta lambobin waya sai ta nemi izini a fili, kuma ana iya janye izinin a saitin waya. Kafin a danna komai, a ɗauki hoton allon da ke nuna adadin bashi, ruwa da ranar biya, domin shi ne hujja idan magana ta canza. A duba sunan kamfanin a jerin da FCCPC ke wallafawa, a kuma guji manhajar da aka turo ta WhatsApp a matsayin fayil ɗin APK, don irinta ba ta bi ta tantancewar Google ba.

Matasa masu gina manhajoji kuwa, akwatin da aka riga aka yi wa alama da maɓallin ƙi da aka ɓoye ba dabara ba ce, rami ne da kamfani ke haƙa wa kansa. Allo ɗaya da Hausa, mai nuna jimillar abin da za a biya da ranar biya, ya fi shafi ashirin na Turanci amfani ranar da alƙali ya tambaya ko mai wayar ya san abin da ya amince da shi.