Kris Okotie: Daga Faifan Waƙa Zuwa Mumbarin Coci

A farkon shekarun 1980, da wuya a kunna rediyo a Legas ko Inugu ba a ji muryar Kris Okotie ba. An haife shi a 1958, kuma yana ɗalibin lauya a Jami'ar Najeriya ta Nsukka waƙarsa I Need Someone ta karaɗe ƙasa. Faifai na ta sayuwa, samari na kwaikwayon gyaran gashinsa.

Ana tsakiyar wannan tashe ya ajiye waƙoƙin soyayya. Ya tafi birnin Tulsa na Amurka ya yi karatun Littafi Mai Tsarki, ya dawo ya kafa cocin Household of God a Legas a 1987.

Mabiya irin waɗannan coci-coci na bishara suna ba da muhimmanci ga abin da suke kira sake haihuwa. Mutum zai tsaya gaban jama'a ya shaida cewa ya rabu da tsohuwar rayuwarsa, ya miƙa kansa ga Yesu. Idan mai shaidar sananne ne, wanda kowa ya ga abin da ya bari, maganarsa takan ratsa zukata sosai. Sannan ibadarsu cike take da kiɗa da waƙa, don haka mawaƙi ba baƙo ba ne a wurin. Ya iya riƙe taro, ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta. Okotie ya shiga wa'azi da wannan baiwar, haɗe da manyan kalmomin Turanci da suka zama tambarinsa. Ebenezer Obey, gwanin kiɗan juju, da mawaƙi Sonny Okosun su ma sun koma aikin bishara a shekarun 1990.

Masu sukar Okotie na cewa dandali kawai ya sauya, son a kalle shi na nan. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma bai kamata a manta cewa ya bar waƙoƙin soyayya tun kasuwarsa na ci ba, lokacin da babu abin da ya tilasta masa.

Daga baya siyasa ta ja shi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 ƙarƙashin Justice Party, ya sake gwadawa a 2007 da 2011 da jam'iyyar Fresh Democratic Party wadda ya kafa. Bai kai labari ba ko sau ɗaya, kuma duk tsawon lokacin bai saki jagorancin cocinsa da ke Oregun a Ikeja ba.