Me ya sa yaro ke tsokanar kaka a yi dariya, ya tsokani uba a zare masa ido?

Ranar salla a Maraɗi ko Damagaram, uba ya fito da sabuwar shadda da ta sha sitati, sai ɗansa mai shekara huɗu ya ce: "Baba, rigarka tana ƙara kamar leda." Wata yarinya kuma ta tambayi uwarta a gaban baƙi me ya sa fuskarta ta fi hannuwanta fari. Nan dariya ke yankewa, don kowa ya san zancen man bilicin ne.

Masana halayyar yara sun ce sai wajen shekara 4 zuwa 5 yaro ke fara gane cewa tunanin wani dabam yake da nasa. Iya ɓoye magana don kada a ɓata ran mutum kuwa sai daga baya. Kafin nan, duk abin da ya gani faɗi yake.

A gidajen Hausawa akwai abin da ke ƙara rikita shi. Tsakanin jika da kaka an yarda da wasa: ta kira shi mijinta, shi ya yi mata ba'a kan giɓi ko furfura. Wasan barkwanci na Nijar, wanda ya fi shahara tsakanin taubasai da ƙabilu, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma tsakanin ɗa da iyaye kunya ce, musamman ɗan fari. Yaron da aka yi wa shewa da safe a ɗakin kaka sai ya sha mari da yamma kan magana iri ɗaya. Marin ba ya nuna masa inda iyakar take. A ja shi gefe a ce "wannan wasan da Kaka ake yin sa" ya fi saurin shiga kunnensa.