Bindigar hannu: abin da tsada ke saye, da abin da ba ta saye

Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A ƙasar Amurka, inda doka ta ba farar hula damar mallakar bindigar hannu, masu saye sun daɗe suna gardama a kan wannan magana: wane irin aiki ya kamata a samu a jikin bindiga mai araha, wane iri kuma a jikin mai tsada?

Masana harkar suna duba abubuwa biyu. Na farko shi ne haɗi, watau yadda ƙarafan suka zauna da juna ba tare da girgiɗi ba. Na biyu shi ne gogi: santsin jiki, hasken launi, da rashin sawun inji a kan ƙarfe.

Libarbar Colt Python, wadda ta fito a shekarar 1955, ita ce abin misali wajen masu tsada. Ƙwararrun maƙera ne ke daidaita ƙarafanta da hannu, ɗaya bayan ɗaya, su goge jikinta har shuɗinta ya riƙa ɗaukar ido kamar madubi. Aikin hannu kuwa tsada gare shi, shi ya sa kamfanin ya daina ƙera ta a 2005. Da aka maido da ita a 2020, inji ne ke yin mafi yawan aikin, kuma kuɗinta ya kai dalar Amurka 1,499.

A ɗaya gefen akwai Hi-Point C9, ƙirar jihar Ohayo, wadda ake samu wajen dalar Amurka 200. Marfinta na sama zubi ne na tutiya, ga nauyi, ga muni, har ana yi mata ba'a da cewa ta yi kama da tubali. Duk da haka tana harbi, kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin gyara ta kyauta muddin tana nan. Wanda ya saye ta ya zo yana kukan kaushin jiki, ya nemi abin da bai biya ba.

Shi kansa haɗi, matsewarsa ba kullum take alheri ba. Bindigar da aka matse ƙarafanta sosai ta fi saiti, amma ƙura kaɗan ko rairayi na iya cije ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Remington Rand, mai ƙera keken rubutu, ya yi wa sojojin Amurka dubban ɗaruruwan bindigogi samfurin 1911. Launinsu toka-toka ne, ba ƙyalli, wasu har ƙara suke yi in an girgiza su, amma sun yi aiki cikin laka. Haka Glock 17 ta ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a 1982 da gangar jiki ta roba: an raina ta da fari, daga baya ta zama bindigar ƴan sanda a ƙasashe da dama.

Inda babu sassauci shi ne tsaron rai. A 2015 kamfanin Taurus na Barazil, wanda ya yi suna wajen araha, ya amince da sulhu a wata ƙara da aka kai shi a Amurka kan bindigogi kusan miliyan ɗaya, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi in sun faɗi ƙasa. A 2017 irin wannan zargi ya faɗa kan SIG P320, wadda ta fi su tsada, a shekarar da rundunar sojan Amurka ta zaɓi samfurinta. Kamfanin ya yi tayin canza kunamar kyauta. Tsada ba ta kare kowa ba.

Darasin ya shafi ɗan kasuwa mai odar kaya da ma'aikacin da ke sa hannu a takardun sayen kayan gwamnati. A yafe wa mai araha kaushin jiki da sawun inji. Kada a yafe wa mai tsada ko tabo ɗaya, tun da kuɗin gogi aka biya. Amma bindigar da ke cijewa lokacin bukata, ko ta tashi ba a taɓa kunama ba, ba ta da uzuri, ko nawa aka saye ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.