Masallaci da Fuskar Unguwa a Gusau

A sababbin unguwannin Gusau, sau da yawa masallaci yakan riga kwalta da famfo zuwa. Tun da garin ya zama hedikwatar Jihar Zamfara a 1996, gidaje suka yi ta bazuwa ta wajen Damba da hanyoyin Tsafe da Bunguɗu. Da an yi gida biyar ko shida, sai a kafa rumfar kwano, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye butoci. Nan ake ɗaurin aure, nan ake sasanta rikicin fili, nan kuma ake tara kuɗin gyaran taransifoma.

Kunne ma yakan gane unguwa. Inda 'yan Tijjaniyya suka fi yawa, ana jin wazifa bayan magariba, an kewaye farin ƙyalle, ga zikirin Juma'a da yamma. Inda Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi, Islamiyyar matan aure da wa'azin lasifika ne suka fi fitowa fili. Sabon Gari kuwa, mazaunin baƙi tun zamanin jirgin ƙasa, waƙoƙin coci ne ke tashi a cikinsa ranar Lahadi da safe.