Tsohon Gilashin Kyamara Mai Faɗin Gani: A Duba Kafin A Saya

Duk mai ɗaukar hoto a Rano ko Kibiya ya san wannan matsala. Ana bikin ba da takardar shaida ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, mutum arba'in a cikin zaure. Mai hoto ya ja da baya har ya jingina da bango, amma kyamara ba ta ɗauke kowa ba. Haka abin yake ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Rano, inda dawaki da jama'a kan cika fili. Maganin wannan shi ne gilashi mai faɗin gani. Sabonsa yana da tsada, shi ya sa matasa masu ƙaramin jari kan nemi na hannu.

Iri biyu ne

A jikin kowane gilashi akwai lamba ta milimita. Idan lambar ta yi ƙasa, faɗin gani yakan ƙaru. Mai lamba 50 yana ganin kamar digiri 46. Mai lamba 20 yana ganin kamar digiri 94, kuma bango yakan fito a miƙe. Wannan shi ne iri na farko.

Na biyu shi ne wanda ake kira idon kifi. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, shi ya raɗa sunan a 1906, don ya kwatanta yadda kifi yake ganin sama daga cikin ruwa. Yana ɗauke digiri 180, wato rabin da'ira, amma yana lanƙwasa duk abin da yake gefe. Daga cikin tsofaffin da ake samu da sauƙin kuɗi akwai Zenitar mai lamba 16, ƙirar Rasha.

Abin da za a duba

Na farko shi ne baki, wato wurin da gilashi yake shiga jikin kyamara. Kowane kamfani da nasa. Nikon ya fara amfani da bakinsa na F a 1959, Canon kuwa ya bar tsohon bakinsa na FD ya koma EF a 1987. Saboda haka tsohon gilashin FD ba ya hawa kyamarar EF sai da adafta mai gilashi a ciki, ita kuma tana rage kyan hoto. Mai saye ya tafi da kyamararsa, ya ɗaura, ya gwada a gaban mai kaya. Kada ya tura gilashi da ƙarfi: wasu tsofaffin idon kifi, irin Nikon mai lamba 8 na 1962, gindinsu yana shiga ciki sosai, yana iya fasa madubin kyamara.

Na biyu, a haska tocila ta baya, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta da illa sosai. Amma idan an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce da danshi yake haifarwa, kuma idan ta daɗe tana cin fuskar gilashi. A bar shi komai arha.

Na uku, a murza zoben saiti. Ya juya sumul, babu cijewa. A buɗe ƙofar haske a rufe. Idan akwai maiƙo a ganyayenta, za ta riƙa nawa.

Na huɗu, yawancin ƙananan kyamarorin dijital suna yanke gefen hoto. A kansu, mai lamba 16 yakan koma kamar mai lamba 24 ko 25. Wanda bai san haka ba zai biya kuɗin faɗin da ba zai samu ba.

Yadda ake aiki da shi

Tsohon gilashi da hannu ake saita shi. A sa ƙofar haske a kan 8, a sa nisa a kan mita biyu. Daga kamar mita ɗaya har zuwa nesa komai zai fito tangaran. A riƙe kyamara daidai, kada a ɗaga bakinta sama ko ƙasa, in ba haka ba gini zai fito kamar zai faɗi. A kula kada ƙafar mai hoto ko inuwarsa ta shiga.

Babban kuskure shi ne hoton fuska. Wanda aka matsa kusa da shi hancinsa zai kumbura, wanda yake gefe kuma kansa zai baje. Uwar amarya ba za ta biya kuɗin irin wannan hoto ba, kuma labari ba ya wuyar zaga gari. Don haka a sa manyan baƙi a tsakiya, a bar fili a gefe. Idon kifi ya dace da duwatsun Rurum, da gonaki, da cikar kasuwa. Taron biki da na makaranta kuwa, mai miƙar da bango mai lamba 20 zuwa 28 ya fi.

Gaban idon kifi a tudu yake, ba ya karɓar gilashin kariya, don haka a riƙa rufe shi. Lokacin hunturu a hure ƙura kafin a goge. Da damina a ajiye shi a busasshen wuri. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.